Zabibin Goggo

An yi wata mata a birni mai hannun girki, irin waɗanda ko ruwan zafi suka dafa sai an nemi ƙari. Aibinta guda ne: ba ta yarda a taɓa abin da ta girka sai ya kai yadda take so. Goggonta ce ta riƙe ta tun tana 'yar mitsitsiya bayan rasuwar mahaifiyarta, ita ta goya ta, ita ta aurar da ita. Da tsufa ya kama Goggo, haƙora suka zube, likita kuma ya hana ta nama da man shanu da nono, har takan ce an bar mata tuwo an ɗauke miya. Abin marmarin da ya rage mata shi ne zabibi. In alhazai suka dawo aka ba ta tsaraba, sai ta jefa ƙwaya ɗaya a kunci ta yi ta murza ta da dasashi har rabin yini.

Wata damina Goggo ta zo birni ganin likita, ta sauka a gidan 'yar riƙon nan tata. Matar ta ga yadda tsohuwa ke kokawa da ƙwayar zabibi, tausayi ya kama ta. Ta ƙudura za ta dafa mata shi ya narke, ya zama abin shafa wa burodi da 'yan birni ke kira jam, ba mai, ba madara, ba abin da likita zai yi faɗa a kansa. Ta tsince zabibin ta cire tsinkayensa, ta wanke, ta jiƙa ya kwana har ya kumbura. Da hantsi ta ɗora shi a garwashi da ruwan jiƙonsa, ta matsa lemun tsami, ta jefa kirfa da 'yan kanumfari. Ko sukari bai nema ba. Ta tsaya a kansa tana juyawa, don abu ne mai saurin kamu, ka waiwaya ya ƙone. Da ya yi laushi ta farfasa shi da muciya, ta rage wuta, ya shiga yin kauri yana sheƙi.

Ƙamshi ya cika gida. Goggo na zaune a tabarma kusa da madafa tana jan carbi, amma hankalinta na tukunya. Can dai ta kasa daurewa ta ce, “'Yar nan, ɗan lakato mini a bakin cokali mana in ji.” Matar ta ce, “Haba Goggo, ai bai kama jikinsa ba. Ki bari ya huce in zuba miki a kwalba, ki ci abinki da burodi mai laushi kamar matar gwamna.” Goggo ta yi dariya, ta haɗiye yawu, ta ci gaba da jan carbinta, don tsoho yana jin nauyin roƙon ɗansa sau biyu. Kada ka ce rowa ce, ai don Goggon aka yi wahalar. So take tsohuwa ta fara ganin abin a cikarsa, ta sa mata albarka da baki cike. Wannan son a yaba shi ya rufe mata ido, ba ta lura da yadda Goggo ke bin cokalin da kallo ba.

Washegari da sassafe ɗan Goggo ya iso da mota zai mayar da ita ƙauye, yana ta azalzala saboda noma na jiransa. Jam ya huce ya yi kyau, amma yana tukunya. Kwalbar da aka wanke ba ta gama bushewa ba, danshi kuwa yana sa shi fumfuna, mai burodi ma bai fito ba. Ga roba nan a kusa, matar ta dube ta ta yamutsa fuska, wai abin da ta ɓata yini a kansa ba zai tafi a roba kamar ragowar miya ba. Ta ce ranar Juma'a tana tafe, da hannunta za ta kawo. Goggo ta ce, “Allah Ya kai mu.” Juma'a ta zo da bikin suna a maƙwabta. Juma'ar gaba ruwa ya cinye hanyar ƙauyen. Kwalba na kan kabad an ɗaure mata baki da farin ƙyalle, kowa ya gani sai ya yaba. Ana nan sai ga waya: Goggo ta kwanta bayan azahar, ba ta tashi ba.

Matar ta tafi gidan makoki da kwalbar a jaka, ita kanta ba ta san me ya sa ta ɗauko ta ba. Da safe aka dafa shayi don matan da suka kwana, ta fito da ita ta ce a ci sadaka ne, Allah Ya kai ladan kabarin Goggo. Matan da ba ta taɓa gani ba suka shafa a burodi, suna santi suna lashe yatsu, wata har da tambayar yadda ake yi. Ta buɗe baki za ta ce a jiƙa zabibi ya kwana, sai kuka ya ƙwace mata. Ta kalli kwalbar an suɗe ta tas, wadda aka yi dominta kuwa ko lakace ɗaya ba ta ɗanɗana ba. Baƙin cikin nan bai sake ta ba har ita ma ta tsufa, don babu wanda ya riƙe mata hannu ranar da tsohuwa ta roƙi bakin cokali.

To ka ji. In kana da abin alherin da ka yi niyyar ba wani, miƙa masa da zafinsa ko bai gama kyau ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.