Kashi na Bakwai

Tun da aka kafa dokar goge duk fim ɗin da ya shekara ba a kalla ba, Hajiya Kande ba ta leƙa ma'ajiyar finafinai ba sai yau.

"Malam, buɗe mini Fataken Taurari kashi na bakwai, aikin marigayi darakta Sha'aibu Gwammaja. Ni ce na fito a matsayin matuƙiyar jirgin. Da ya kashe ni a ƙarshe, na rantse ba zan kalla ba. Jiya na gama azumin kaffara."

Ma'aikacin ya duba. "Ayya, Hajiya, shekaranjiya aka goge. Dama mutum ɗaya ke zuwa kallonsa duk shekara."

"Wa?"

"Shi Sha'aibun. In an zo inda kike sallama da fasinjoji, sai ya ce a maimaita masa."