Tsohon da Za Shi Yawuri

Jirgin ruwan ya dangana da gaɓar Jega da hantsi, Shehu direba ya kashe inji, ya ce sai bayan azahar za a tashi, don akwai buhunan albasar Aliero da za a loda. Damina ce ta farko bayan an ba Kabi jiha, gulbi ya cika fal, hanyoyin mota sun lalace, masu tafiya Yawuri da kaya sun koma bin ruwa.

Jibrilla kafinta ya sauko a ƙarshen fasinjoji. Tun daga Gummi kansa a sunkuye yake, bai yi magana da kowa ba, bai ma san fuskar wanda ya zauna kusa da shi ba. Matarsa Kubura ta rasu wajen haihuwa a farkon bazara, ita da abin da ta haifa. Ya rufe gidan, ya ɗauko zarto da guduma, ya nufi Yawuri don kawai ba wanda ya san shi can.

Fasinjoji suka watse rukuni-rukuni. Shi ya tsaya a kan tudu, wandonsa jiƙe da feshin ruwa kamar na kowa, bai san inda zai dosa ba.

"Kai ma Yawuri za ka, ɗana?"

Wani tsoho ne a cikin ayarin masu hawowa, siriri, da farar riga tsaf da sanda. Ya ce sunansa Kalilu, za shi wurin ɗiyarsa Hindu da ke aure can. Ya ce zaman bakin ruwa ba daɗi, su shiga gari su miƙe ƙafa.

Jibrilla ya bi shi don ya rasa yadda zai ce a'a.

Tsohon yana gaba, yana karya kwana ba tare da tambayar kowa ba. Suka ratsa wurin masu hatsi, suka wuce turken shanu, suka ɓulla unguwar Firchin. Ko'ina labarin Hindu yake yi: yadda take dama fura, yadda take tsoron kwaɗo tun tana ƙarama, irin ihun murnar da za ta yi in ta gan shi a bakin ƙofa. Jibrilla yana ji, yana gyaɗa kai.

A teburin wani mai shayi suka zauna. Mutumin ya dubi tsohon, ya dubi Jibrilla, ya ce, "Sannunku da tahiya, baƙi." Ya tambayi Jibrilla yawan sukarin da yake so. Na tsohon kuwa miƙa masa kawai ya yi.

Nan ne Kalilu ya tambaye shi iyali. Jibrilla ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ga maganar da ya danne tun ranar jana'iza tana fitowa. Ya faɗi gadon jariri da ya ƙera da hannunsa, da yadda ya kasa fitar da shi daga ɗaki, ya kasa kuma kwana kusa da shi. Tsohon bai yi masa wa'azi ba. Ya dai aza hannu a gwiwarsa, ya bar shi nan har shayin ya huce.

Suka yi azahar sahu ɗaya. Da suka fito, Jibrilla ya sayi ƙosai ya ƙunshe musu na hanya, ya ce, "Baba, wuri ɗaya za mu zauna a jirgi. In munka isa, ni zan kai ka har gidan Hindu."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "Allah shi yi maka albarka," in ji shi.

Suna gangarowa gulbi sai ga ƙarar inji. Kalilu ya ce wa Jibrilla ya yi gaba ya kama musu wuri, shi zai ɗan zagaya bayan wata katanga ya taho.

Jibrilla ya shiga, ya share musu gefen da rumfa ta rufe, ya ajiye ƙunshin ƙosan a mazaunin tsohon. Rabonsa da ɗokin wani abu har ya manta. Fasinjoji suka yi ta shigowa, wuri ya cika. Ya hana wata mata zama, ya hana wani mai kaji. An gama lodi, an janye katakon hawa, tsoho bai zo ba.

Ya miƙe yana leƙen tudu. Babu farar riga. Ya tuna sandar, ya tuna santsin gangaren. Ya tsallake buhuna, ya dira cikin ruwa har gwiwa, ya riƙe igiyar jirgin da hannu biyu.

"A dakata! Akwai saura mutum guda."

Fasinjoji suka fara gunaguni, hadari na haɗuwa a gabas. Jibrilla ya ce ko dai a jira, ko a miƙo masa kayan aikinsa a tafi a bar shi, amma ba zai bar dattijo shi kaɗai a garin da ba nasa ba. Shehu direba ya rage inji, ya tako bakin jirgin, ya tambaye shi wane dattijo. Jibrilla ya kwatanta shi, ya faɗi sunansa.

Direban ya miƙo masa hannu, ya sassauta murya.

"Hawo, malam, kada sanyi shi kama ka. Baba Kalilu ba fasinja ba ne, gidanai na bayan katangar can. Tun shekarar da jirgi ya kife da ɗiyatai Hindu a hanyar kai ta ɗakin miji, duk jirgin da ya tsaya nan sai ya shiga cikin masu sauka, ya nemi wanda ya ga ba shi da kowa."