Shekara Ashirin a Kan Gireda

"Zagaya ta tukuna, Baba Mamuda. Duba ƙasa, duba baya," in ji Injiniya Baraka, mai yi wa direbobi jarrabawa.

Mamuda ya yi murmushin tausayi. Shekararsa ashirin a kan gireda, yau sa'ar 'yarsa ce za ta sa shi zagaye, sai ka ce mai taya saniya a kasuwar Gwiwa.

"Ranki ya daɗe, tayoyinta shida. Jiya ma na ƙirga."

Ya haye, ya tayar, ya ja da baya. Baraka na ihu tana ɗaga hannu biyu. Ya ɗaga mata ɗaya, ai ya saba da yabo. Ya baje jar ƙasar hanyar Roni sumul kamar faranti.

Ya sauko yana gyara hula. "To, Injiniya, maki nawa?"

"Ka faɗi, Baba."

"Don ban zagaya ba? Me zai ɓuya a bayan gireda?"

"Da safe ka ce rana za ta ɓata fentin sabon babur ɗinka. A inuwar me ka kafe shi?"

Mamuda ya waiwaya. Madubi ɗaya ne ya leƙo daga cikin ƙasa yana ƙyalli. Aiki kam ya yi kyau.