Karen Cikin Waƙar

Naushi na uku ne ya fasa wa mawaƙin leɓe. Ɗan daban ya naɗa masa wayar makirfo a wuya, ya buga masa kai da bangon ɗakin ɗaukar sauti.

"Waye karen? Faɗi da bakinka!"

Wata biyu ke nan waƙar tana tashe a kowace mota da kowane shago: "Karen da ke gadin ƙofar manya, in ya dawo gida ni yake cizo." Mutane suka fassara ta yadda suke so, wai maigidan ɗan daban ne karen, talakawa kuma su ne gidan. Shi ya sa maigidan ya turo shi, ya ce a karya yatsun da suka rubuta ta.

Ɗan daban ya take hannun mawaƙin da takalmi har ƙashi ya yi ƙara.

"Wallahi ba ni na rubuta ba!" in ji mawaƙin, jini na bin haɓarsa. "Wata mata ce ta kawo min baitin, hannunta a karye. Ta ce mijinta ne karen, mai tabon wuƙa a girar hagu..."

Sai idonsa ya tsaya a kan girar hagu ta mai dukansa.

Ɗan daban ya saki wayar. Ko da safiyar nan matarsa tana rera waƙar tana zuba masa shayi da hannu ɗaya, shi kuma yana yi mata amshi.