Ranar da Bakinsu Ya Zo Ɗaya

Shugaban kwamiti ya ɗora yatsa a kan madannin kwamfuta, ya dubi jama'ar da ta cika zauren.

"Daga yau," in ji shi, "duk shafin da aka gina a intanet zai buɗe a kowace waya. Ƙa'ida ɗaya ce, ta kowa ce, kuma kyauta ce!"

Tun yana da baƙin gashi wakilan kamfanoni suke wannan zama. An yi cacar baki, an buga tebur, kowa na cewa tsarinsa za a bi. Yau ga furfura, ga yarjejeniya, kuma ma'aikatan kamfaninsa ne suka gina shafin da duniya za ta karanta ta a kai.

Ya danna. Babban allon ya yi fari fat, sannan rubutu ya fito ɓaro-ɓaro: "Wannan shafi ba ya buɗewa sai da manhajar kamfaninmu. Sauke ta yanzu."

Shugaban ya tabbata kujerarsa ta tafi. Ya saci kallon babban abokin hamayyarsa, yana jiran tsiya.

Mutumin ya matso, ya rufe makirufo da tafin hannu. "Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka. Mu ma haka muka yi wa namu shafin."

Sauran wakilan suka gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka kafa kwamitin, ranar ce bakinsu ya fara zuwa ɗaya.