Kunyar Suruki da Kwalaben Allura

Kin ce kunya ce ta hana ki komawa asibiti. To, gyara zama ki ji wani misali.

An yi wata dattijuwa mai sana'ar ƙuli-ƙuli a wani ƙauye, mace mai kamun kai, wadda ko tari ba ta yi a gaban surukinta. Shi ne mijin 'yarta ta fari, kuma shi kaɗai ne ma'aikaci a ɗakin shan magani na garin. Tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa jefa ko ƙwayar gyaɗa a baki yana kallo ba. In ta hango shi a lungu, sai ta ja mayafi ta sake hanya. Wata rana da kaka, tana kalar gyaɗa a gona, kututturen kara ya soke ta a tafin ƙafa. Ta gasa wurin da ruwan zafi, ta ɗaure da tsumma, ta koma kan turminta. Ƙafa ta kumbura, ta yi sheƙi kamar an shafa mata mai, zazzaɓi ya rufe ta. Ranar kasuwa ta bi motar 'yan gyaɗa zuwa birni, ba ta gaya wa kowa abin da ya kai ta ba. Likita ya duba, ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga ciwon sun yi nisa, maganin haɗiya ba zai cim musu ba, sai allura. Wata ma'aikaciya ta ja labule ta yi mata ta farko a mazaunai. Aka ɗaure mata sauran 'yan kwalaben a leda, aka ce ta kai wa ma'aikacin garinsu ya riƙa yi mata kullum har su ƙare, kada ta tsallake ko ɗaya, ko da ta ji ta warke.

Washegari ta ɗingisa har ƙofar ɗakin shan magani. Ta ga babur ɗin surukin a gindin darbejiya, ta jiyo muryarsa a ciki yana lallashin wani jariri. Ta tuna inda aka yi mata allurar jiya, ta tuna sai an sassauta zani, kuma wannan karon hannun mijin 'yarta ne. Fuskarta ta ɗauki zafi fiye da ƙafar. Ta juya gida, ta tura ledar cikin wata kwalla a can ƙasan jeren kwanukanta, ta rufe. Da yake allurar farko ta yi aiki, zazzaɓi ya sauka, kumburi ya ɗan sace, sai ta ce Allah ya rufa asiri. Ba ta san abin da ta yi bai wuce yayyafa wa garwashi ruwa ba: sama ya yi baƙi, ƙasa na ci. Ba a jima ba ciwon ya dawo da ƙarfinsa, jan layi ya kama hawa daga idon sawu zuwa cinya. Ta ci gaba da ɓoyewa a ƙarƙashin zani, har ranar da jiri ya kayar da ita a bakin kaskon suya, da rana tsaka, mata masu sayen mai suna tsaye. Wa za a kira in ba surukin ba? Shi ya ɗauke ta cak a gaban maƙwabta, ɗankwali ya zame, furfurar da bai taɓa gani ba ta fito fili. A mota kuma ƙafar tana kan cinyarsa har birni.

Likitan nan dai suka tarar, kewaye da ɗalibansa maza da mata. Aka yaye zanin har sama, kowa ya leƙo, ana nuni da yatsa ana rubutu. Likita ya gane ta, ya tambaya ko an ƙarasa alluran da ya rubuta. Ta runtse ido, ta kau da kai. 'Yarta kuwa, da za su fito a gigice, ta suri kwanukan jinya ba ta duba ba, har da kwallar nan. Tana buɗewa don ta zuba kunu, sai kwalabe suka zubo, suka gangara ƙarƙashin gadaje suna ƙara. Surukin ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsince, sannan ya durƙusa daga gefen gado, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, da kin aiko mini ko ta bakin maƙwabciya, da kullum na ɗauko ma'aikaciyar ƙauyen gaba a babur ta yi miki a ɗakinki, ni in tsaya a zaure. Ai ni ma ba zan iya ba." Wannan magana ta fi wuƙar likita yi mata ciwo. Ashe ƙofar a buɗe take, tambaya kawai ta rage.

An ceto ƙafar da ƙyar, bayan an cire yatsu biyu, an daɗe ana ɗura mata allura ta jijiya. Ta koma gida da sanda. Har yau in ta hango surukin takan ja mayafi, amma ƙafar ba ta da saurin da za ta sake hanya, sai ta tsaya jikin katanga har ya gaishe ta ya wuce. Ta guji labule ɗaya da mutum ɗaya, ta kwanta a buɗe gaban ɗaki guda. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba, amma ba a kai ta gaban mai magani. Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.