Sawun Kunkurun Gaɓar Almendro

Na rantse ba za ku yarda ba, amma sau ɗaya a rayuwarsa Chemo ya faɗi gaskiya, kuma ko ita ba ta hana a tura shi bayan motar 'yan sanda ba.

Kwana tamanin da huɗu ke nan mutanen unguwa suna zaman dirshan a gaɓar Almendro, ƙarƙashin rumfar tamfol da rana ta cinye launinta. Kamfanin da ya sayi filin da ke saman gaɓar yana son kewaye yashin da katanga, ya yi wa baƙin otal ɗinsa wurin wanka. Ranar farko mutum ɗari uku suka fito da ganguna. Yanzu saura goma sha ɗaya, da butar kofi, da Doña Provi.

Doña Provi ta kai saba'in. Ita ke fara zuwa kullum, ita ke tashi ƙarshe. Bana jiki ya fara ƙi mata, har ta daina durƙusawa a coci, sai dai ta zauna ta sunkuyar da kai.

Ita ce ta fara ganin sawun, wata Talata da sassafe. Layi biyu daga bakin ruwa, da alamar jan ciki a tsakiya, har gindin ƙarafunan da aka kafa don katangar, sannan suka juya suka koma teku. Kunkurun teku ya hau ya yi ƙwai, kuma doka ta hana a taɓa ƙwansa. Alƙali ya ga hotuna, ya ce kada a zuba siminti ko cokali ɗaya sai an yanke hukuncin shari'ar iyakar filin. Bayan mako biyu sawun ya sake bayyana, haka ma bayan wasu biyun.

Saura kwana goma a yanke hukunci.

To, Chemo mutum ne da ba ya iya ganin ana yabon wani ya yi shiru, ko da kunkuru ne. Shi ya taɓa saka ƙaguwa a jakar mai wa'azi, kuma shekara ashirin yana ba da labarin, kullum ƙaguwar tana ƙara girma. Ranar Lahadi da yamma, a teburin wasan domino na shagon Don Eulalio, bayan kwalbar barasa ta uku, ya buga ɗan dominonsa ya ce, "Wane kunkuru? Ga kunkurun nan zaune gabanku. Ni na yi sawun nan, da hannuna."

"Kai da ba ka iya tashi kafin goma?" in ji Don Eulalio.

"Ai shi ya sa ba wanda ya zarge ni, tsoho. Zuba mini wata."

Aka yi dariya. Wani mutum mai farar riga da ke sayen sigari bai yi dariya ba. Direban lauyan kamfanin ne.

Laraba takarda ta iso. Alƙali ya ba da umarni a tona ramukan ƙwan ranar Juma'a. In babu ƙwai, a ci gaba da gini.

Chemo ya bi gida gida yana rantsuwa cewa ƙarya ya yi. Aka riƙa rufe masa ƙofa. Matarsa ta ajiye masa shinkafa da wake ta juya masa baya. Ya je rumfa wurin Doña Provi, ya cire hula.

"Doña, wallahi ban taɓa yashin nan ba. Baki ne kawai. Ke kin san ni."

"Na san ka, ɗan nan," ta ce, tana shafa man zafi a ƙafa. Ba ta ɗago ba.

Wannan ya kwantar masa da hankali. Shi dai ya san bai yi ba, to kunkuru ne ya yi, kuma kunkuru ba ya ƙarya. Har ya fara shirya yadda zai ba da labarin nan gaba.

Juma'a da hantsi jami'ar kula da namun ruwa ta zo, da lauyan kamfanin, da 'yan sanda biyu, da motar siminti tana ruri a bakin titi. Ta durƙusa ta fara yaye yashin da tafin hannu, a hankali. Ramin ya kai wuyan hannu. Chemo yana tsaye ya harɗe hannuwa, yana yi wa lauyan murmushi.

Ya kai gwiwar hannu.

"Ƙara ƙasa kaɗan, ranki ya daɗe," ya ce. "Namu kunkurun mai zurfin ciki ne."

Ya kai kafaɗa. Ta koma rami na biyu, sannan na uku. Ta miƙe ta kakkaɓe wandonta, ta girgiza kai. Ko ƙwai ɗaya babu.

Ba wanda ya yi ihu. Mutanen sun gaji da ihu. Wani ya fara kwance igiyar tamfol, direban siminti ya saka giya.

"Ba ni ba ne!" Chemo ya ce da 'yan sanda suka kama hannunsa. "Ƙarya na yi! Ku tambayi kowa, ni maƙaryaci ne!"

Mutum takwas sun ji shi a shago yana cewa shi ne. Aka tura shi bayan mota.

Doña Provi ta taso da sandarta, ta ɗauki lokaci kafin ta iso. Ɗan sanda ya ba ta hanya, don a makaranta ita ta koya masa karatu. Ta sunkuyo ta taga, ta gyara wa Chemo wuyan riga, ta yi magana ƙasa ƙasa yadda shi kaɗai zai ji.

"Sau uku na yi rarrafe daga ruwa zuwa can ina jan tukunyar shinkafa, da waɗannan gwiwoyin nawa. Kwana goma kacal ya rage a lokacin, Chemo, da ka rufe mini bakinka."